Wai tarkace!

Na ga abin da wani mutum ya rubuta a ƙarƙashin wani hoto jiya, wai ƙananan gungun taurarin da ke zagaye namu, Milky Way, tarkace ne, ɓata lokaci ne a bincike su. Sannu masani! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Tarkacen nan da kake rainawa, su suka gina gidan da kake ciki. Milky Way bai zo da girmansa ba, haɗiye ƙanana ya yi ta yi har ya kai haka. Kuma har yau bai daina ba. Akwai ɗaya mai suna Sagittarius, an gano shi a 1994, yanzu haka namu yana yayyaga shi, taurarinsa sun zama doguwar jela da ta naɗe mu. Tarkace ko?

A 1912 masaniyar taurari Henrietta Leavitt ta duƙufa kan hotunan ƙaramin gajimaren Magellan, ɗaya daga cikin ƙananan gungu biyu da ake gani kamar gajimare a sararin kudancin duniya, ta lura wasu taurari suna ƙara haske su rage, kuma wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayen ya fi haske. Da wannan ma'aunin aka fara sanin nisan sauran gungun taurari. Fashewar tauraron da aka gani da ido tsirara a 1987, a babban gajimaren Magellan ta faru, nisan da haske ke shafe shekara kusan 160,000 kafin ya iso mu. Duk daga tarkace.

Wani zai ce ai ba su da kyan hoto kamar Andromeda, babban gungun taurarin da ke maƙwabtaka da namu. To sai me? Kyau muke nema ko sani? Wani ƙaramin gungu mai suna Segue 1 taurarinsa ba su wuce dubu ɗaya ko makamancin haka ba, amma yadda suke gudu ya nuna nauyin da ke riƙe su ya ninka nasu nesa ba kusa ba. Ina ragowar nauyin yake? Wannan tambayar ta hana manyan masana barci, ni ma wallahi idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. An riga an gano irin waɗannan ƙananan gungun sama da 50, ana kuma sa ran sabon madubin hangen nesa na Vera Rubin da ke Chile zai tono wasu.

Ni sunan Magellan ɗin ma haushi yake ba ni. Mutanen kudancin duniya sun shekara dubbai suna kallon gajimaren nan biyu, suna da sunayen da suka sa musu, sai jiragen ruwan Magellan, wani Bature mai yawon teku, suka wuce sau ɗaya, shi ke nan ya zama mai su?