Hazon St Ives a falona

Shekara ɗaya tak na yi a Ingila ina karatun digiri na biyu, amma da na dawo Zariya sai na ga ya kamata falona ya riƙa sanar da baƙi hakan ba tare da na buɗe baki ba. Takardar digirin tana ƙasan akwati, ba mai tambayarta. Ni so nake a samu wani abu a bango da zai sa mutum ya tsaya da kofin shayi a hannu ya ce, "Malam Sani, wannan fa?"

Wani hutu mun taɓa zuwa St Ives, ɗan garin masunta a yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Masu zane sun daɗe suna tururuwa can saboda hasken wurin. Ben Nicholson da matarsa Barbara Hepworth, mai sassaƙa, sun koma yankin a 1939, daga baya su Patrick Heron da Terry Frost suka zauna. Abin da ya fito da su shi ne zanen da ba ya kwaikwayon fuskar kowa ko gidan kowa, launi ne da layi da siffa. Frost ne ya kwanta min a rai. Soja ne da Jamusawa suka kama a 1941, a sansanin fursunonin yaƙi ya kama zane gadan-gadan. Wajen 1950, idan ya fita da jaririnsa a keken turawa ta bakin tashar jiragen ruwa, yakan kalli kwale-kwalen masunta suna lilo a kan ruwa, ya dawo gida ya mayar da su rabin da'ira, wannan na jingine da wancan.

Ainihin zanen ba na mai albashi irin nawa ba ne. Kwafi na yi oda ta intanet, wanda aka buga a bayan farantin akirilik, wato roba mai kauri da ke ƙyalli kamar gilashi. Kuɗin kawowa ya fi kuɗin zanen. Rabin farashin na faɗa wa Maman Ummi, duk da haka sai da ta lissafa min buhun shinkafa nawa zan rataya a bango. Na kare kaina da cewa babu hoton mai rai a ciki, ko Kawu Liman ba zai samu abin faɗa ba.

Kafinta ya zo da injin huda bango da ƙusoshi huɗu masu kan azurfa. Ya ɗaga farantin, ya juya shi nan, ya juya shi can, ya ce, "Yallaɓai, ina ne sama?"

Wallahi ban sani ba. Amma mutumin da ya je St Ives da ƙafarsa ba zai ce wa kafinta bai sani ba. Na nuna gefe ɗaya da yatsa kamar mai nuna alƙibla.

Da aka kafa shi sai na ga launukan sun yi dishi-dishi, kamar wani farin hayaƙi ya lulluɓe su. A kwamfuta sun fi haka kaifi. Na zauna na yi nazari, kafin la'asar na gano sirrin: hazon teku ne. Mai zanen ya kama safiyar Cornwall ce, lokacin da raɓa ba ta gama tashi daga kan ruwa ba. Bayanin ya yi min daɗi har na haddace shi.

Wata uku ina karantar da jama'a. Kawu Liman ya duba ya ce yankan kankana ne. Hajiya ta ce ƙoren fura ne aka kife bayan wanki, ta kuma tambaya ko ba a gama fentin ba ne. Duk wanda ya yi magana sai in yi murmushin tausayi in ce, "Hajiya, ku dubi hazon. Duk gwanintar a nan take." Wani abokina malamin lissafi har ya gyaɗa kai ya ce lallai yana jin sanyin tekun. Allah ya yafe mana ni da shi.

Da hunturu ya shigo kuma sai aiki ya same ni. Akirilik yana jan ƙura kamar maganaɗisu, ga shi busasshen tsumma yana karce shi. Na kafa doka: ba mai taɓa shi sai ni. Kullum da safe in jiƙa ƙyalle mai laushi in shafa a hankali, ina lallaɓa hazona.

Ranar sunan ɗan ƙanena, bayan an watse, manyan baƙi suka dawo falona cin abinci. Cikinsu har da yayan Maman Ummi, wanda tun ranar ɗaurin aurenmu nake neman hanyar burge shi. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na kai daidai wurin da raɓa ba ta gama tashi ba, sai na ji wani sauti a bayana: ƙiiiii.

Ummi ce, 'yar shekara biyar, tsaye a kan hannun kujera. Ta samu wani ɗan lungu da ya ɗago a kusurwar farantin, ta sa farce, ta ja. Hazon Cornwall ya taho a hannunta tun daga sama har ƙasa.

"Abba, leda ce!"

Ledar kariya ce da kamfani ke mannawa don kada farantin ya karce a hanya. A ƙarƙashinta launuka suka fito tar, ja ya zama ja, baƙi ya zama baƙi, falon ya yi haske kamar an kawo wuta. Ni da na shekara ina yi wa Baba tsiya don ya ƙi cire ledar kujerun motarsa.

Yayan matata ya matso, ya sa tabarau, ya karkata kai har hularsa ta kusa faɗuwa. A can sama, a gefe, ga sunan mai zanen da ƙananan haruffa, ƙafafunsu na kallon silin.

"Sani," in ji shi, "su Turawan a kife suke rubuta sunansu?"

Na yi ta maza na ce ai ko babban gidan adana zanen zamani na New York ya taɓa rataye aikin Matisse, shahararren mai zane ɗan Faransa, a kife a 1961, sai da ya kwana 47 kafin wata mai ziyara ta lura. Daga ƙofar kicin Maman Ummi ta ce, "Su kwana 47. Kai wata uku, kuma da lacca."

Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓe ledar daga hannun Ummi, ta shimfiɗa ta a cinya tana miƙe ta da tafin hannu.

"Yaran yanzu ba su san darajar kaya ba," in ji ta. "Abu sabo fil a cire masa leda? Sani, nemo min salatif."