Ƙwarewa za a auna, ba ra'ayi ba: ɗaliban nazarin al'amuran mata da batun tantancewa

Duk sashen jami'a da ke ba da digirin farko, akwai ranar da masu tantancewa za su zauna da malamansa su tambaya: ɗaliban da kuka yaye, me suka iya? Ba abin da aka koya musu ake tambaya ba, wannan yana rubuce a manhaja. Abin da ya zauna a kan ɗalibi bayan shekara huɗu ake son gani, da hujja. Sashen lissafi ba ya shan wahalar amsawa. Sashen nazarin al'amuran mata kuwa yakan yi inda-inda, kuma ina ganin dalilin yana cikin tarihinsa.

Fannin ba a ɗakin karatu aka haife shi ba, gwagwarmaya ce ta haife shi. A 1970 aka buɗe shirin farko a kwalejin San Diego da ke Kalifoniya, bayan matsin lambar ɗalibai da malamai mata. A 1977 aka kafa ƙungiyar masu wannan fanni ta Amurka, a 1991 kuma Jami'ar Makerere ta Yuganda ta buɗe nata sashen. Waɗanda suka assasa shi suna son sauya al'umma ne, ba bayaninta kawai ba. Shi ya sa har yau, in ka duba manufofin da irin waɗannan sassa ke rubutawa, za ka tarar da kalamai kamar wayar da kan ɗalibi, ƙarfafa masa gwiwa, cusa masa kishin adalci. Buri ne mai kyau. Amma da wane ma'auni za a auna kishi?

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma aka fi bi, ita ce takardar tambayoyi a ƙarshen zango: shin karatun ya sauya tunaninka, shin kin ji kin ƙara samun ƙwarin gwiwa? Yawanci amsa e ce. Wanda ya zaɓi fanni da kansa, ya kuma san abin da malaminsa ke son ji, me zai ce? Irin wannan takarda tana nuna gamsuwar ɗalibi, kuma sanin hakan na da amfaninsa, sai dai ba ta nuna cewa ya iya wani abu. Makin jarrabawa ma bai wadatar ba, domin a cikinsa akwai halartar aji da kawo aiki a kan lokaci da sassaucin wani malami da tsananin wani.

Mafi haɗari shi ne a mayar da sauyin ra'ayi ya zama shaidar ilimi. In sashe ya ɗauka cewa ya yi nasara saboda ɗalibi ya shigo da ra'ayi kaza ya fita da ra'ayin malamai, to ya miƙa wa masu sukarsa makami da hannunsa. Su dama ƙorafinsu ke nan, cewa fannin akida ce ba ilimi ba. Da wannan hujja gwamnatin Hungari ta soke amincewa da digiri na biyu a nazarin jinsi a 2018, kuma a 2023 hukumar wata kwalejin gwamnati a jihar Filorida ta yanke shawarar rufe nata shirin. Ban ce kyakkyawan tsarin tantancewa zai hana 'yan siyasa abin da suka ƙudura ba. Amma ko babu su, auna ra'ayi zalunci ne ga ɗalibi, kuma yana koya masa munafunci: ya rubuta abin da zai ba shi maki, ya ɓoye abin da ke ransa.

Abin da ya kamata a auna shi ne ƙwarewa, kuma fannin yana da ita mai tarin yawa. Ga misali. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ruwaito a 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin 100 na sa'o'in aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya. A miƙa wa ɗalibar ajin ƙarshe wannan adadi. Shin za ta iya bayyana yadda ake tattara shi, wato ta hanyar tambayar mutane yadda suka ɓatar da wuninsu? Za ta gane cewa matar da ke girki tana goye da yaro ayyuka biyu take yi a sa'a guda, kuma sau da yawa ɗaya ake ƙirgawa? Za ta iya faɗin dalilin da ya sa wannan aiki ba ya shiga lissafin arzikin ƙasa, da abin da masu adawa da shigar da shi ke cewa? Wadda ta haddace adadin kawai don ta jefa shi a muhawara ba ta kai ba. Wadda ta iya warware shi ta kai, ko da a ƙarshe ta saɓa wa malaminta.

Haka batun da masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta fito da shi a 1989, cewa wariyar jinsi da ta launin fata kan haɗu a kan mutum guda. Ta kafa hujja da ƙarar da wasu mata baƙaƙe suka shigar da kamfanin General Motors, inda kotu a 1976 ta ƙi yarda a haɗa ƙorafin biyu wuri ɗaya. Kowane ɗalibi zai iya maimaita wannan a jarrabawa. Gwajin gaskiya shi ne a ba shi wata matsala da bai taɓa gani a aji ba, misali ta mace mai naƙasa da ke neman aiki, a ga ko zai iya amfani da tunanin, ya kuma gane inda bai dace ba.

Yadda za a yi ba sabon abu ba ne. A adana rubutun ɗalibi na ajin farko, a ajiye shi gefen kundinsa na ajin ƙarshe, a cire sunaye, a ba malamai biyu ko uku waɗanda ba su koyar da shi ba su karanta da ma'auni guda da aka amince da shi tun farko. Zai fi kyau a ce ɗaya daga wani sashe yake, kuma ba lallai mai goyon bayan fannin ba. Tun 1992 aka wallafa sakamakon wani aiki na shekara uku a manyan makarantu bakwai na Amurka, inda kowane shiri ya tsara tambayoyinsa a kan abin da ɗalibansa ke koya.

Akwai cikas biyu na gaske. Yawancin malaman irin wannan shiri aro ne daga sashen tarihi, adabi, shari'a ko nazarin zamantakewa, kuma can ake yi musu ƙarin girma, don haka aikin tantancewa kan faɗa kan mutum ɗaya ko biyu, galibi sai masu duba jami'a sun kusa isowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rubutun ajin farko da ba a adana ba ya tafi ke nan. Na biyu, ɗaliban ba su da yawa. Ajin da bai wuce mutum goma ba, fitar da kashi-kashi daga cikinsa yaudarar kai ce, gara a tara na shekaru da dama a karanta a tsanake.

Wasu malaman na cewa wannan duk aikin takarda ne da shugabannin jami'a suka ƙaƙaba, kuma mafi tsadar abin da ɗalibi ke samu ba ya aunuwa. Na yarda da rabin maganar. Ƙarfin halin da wata ɗaliba ta samu na buɗe baki a taro ba zai shiga jadawali ba, kuma kada a tilasta shi shiga. Amma iya karanta doka, da tantance alƙaluma, da yin hira ta bincike ba tare da cutar da wadda ake hira da ita ba, duk ana ganinsu a takarda. In an karanta kundaye aka ga yawancin ɗalibai suna da zafin hujja amma ba su iya alƙaluma ba, sai a ƙara kwas ɗin hanyoyin bincike a aji biyu, a sake dubawa bayan an yaye wannan rukuni.