Gudun daƙiƙa 28 suke sayar mana da sunan kwamfuta

A jikin kwali an rubuta 4.7 GHz da manyan haruffa. Ka kunna kwamfutar, ka ɗora mata aiki mai nauyi, misali fitar da bidiyo ko haɗa manhaja, ta zabura kamar za ta tashi sama. Kafin minti ɗaya ya cika fanka ta fara kuka, ƙasan kwamfutar ya ɗau zafi har cinya ba ta iya jurewa, gudun da aka yi maka alkawari ya zube zuwa 2 da 'yan kai. Kuma lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Masu ƙerawar sun san da wannan sarai tun kafin ta bar masana'anta, abin da ke ƙona rai ke nan.

Ɗauki firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i7-1255U na kamfanin Intel na 2022, wanda aka cusa a siraran kwamfutocin cinya bila adadin. A takardar Intel, wutar da yake ci a zaune wat 15 ce, amma idan ya zabura yana iya kaiwa wat 55. Core i7-12700H kuwa daga 45 ne zuwa 115. Duk wat ɗin da ya shiga firosesa zafi yake zama, babu inda yake ɓacewa, sai an fitar da shi daga cikin akwatin. To wane sanyaya ne a cikin kwamfutar da kaurinta bai kai na ɗan yatsa ba zai kwashe wat 55 na tsawon awa guda? Babu. Saboda haka aka yi dabara. Akwai iyakar cin wuta ta ɗan lokaci da ake kira PL2, akwai ta dindindin da ake kira PL1, akwai kuma tsawon lokacin da aka yarda firosesa ya zauna a sama, wanda a yawancin na kwamfutar cinya kusan daƙiƙa 28 ne. Wannan lokaci ya ishe shi buɗe shafi da loda manhaja, ya kuma ishe shi cin gajeren gwajin da za a nuna a talla. Da ya ƙare, sai a shaƙe masa wuya ya dawo PL1.

Rainin hankalin yana nan: kamfanin da ya haɗa kwamfutar ne ke zaɓar PL1, ba mai yin firosesa ba, kuma da wuya ka ga an rubuta lambar a jikin kwali ko a shafin talla. Core i7-1165G7 na 2020, Intel ta ba da damar a saita shi ko'ina tsakanin wat 12 da 28. Kwamfutoci biyu, suna ɗaya a jikin sitika, ɗaya tana aiki da ninkin wutar ɗayar har da ƙari. Shi ya sa ake samun i5 mai fanka biyu yana barin i7 mai fanka ɗaya a baya idan aiki ya yi tsawo. Mai saye ya biya kuɗin suna, an ba shi rabin kaya, babu wanda ya ce masa uffan.

Hanyar da zafi ke bi gajeriya ce, kuma kowane mataki nata an matse shi don kwamfuta ta yi kyau a hoto. Firosesan kwamfutar cinya ba shi da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, tsurar silikon ne da bai fi faɗin farce ba. A kansa man sanyaya, sai farantin jan ƙarfe, sai bututu, sai zara-zaran ƙarfen da fanka ke hura wa iska. Bututun nan ba ƙarfe zalla ba ne. A cikinsa akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iska. Ruwan ya zama tururi a wajen firosesa, ya ruga ɗaya ƙarshen, ya huce ya koma ruwa, sannan ya dawo ta cikin garin jan ƙarfen da aka gasa a bangon bututun. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma idan aka latse bututun ya zama falan-falan don ya shiga siririn akwati, hanyar tururi ta ƙuntata, zafin da zai iya ɗauka ya ragu. Tun da Intel ta fito da tsarin siraran kwamfutoci na Ultrabook a 2011 ake tseren rage milimita, kuma inda aka fi yanka shi ne nan: bututu ɗaya, fanka ƙarama, mafitar iska a ɓoye a bayan mahaɗin allo tana hura zafi a gindin gilashi. Wasu ma sukan haɗa firosesa da katin hoto a bututu ɗaya, kowanne yana dafa ɗan'uwansa.

Idan zafi ya kai iyaka, wadda a yawancin firosesan Intel digiri 100 ce, na AMD kuma tsakanin 95 da 105, firosesa kan taka birki da kansa, ya rage gudu da ƙarfin wuta. Wannan ba laifinsa ba ne, kare kansa yake yi, kuma da wuya ya ƙone. Waɗanda ke shan wahala maƙwabtansa ne. Batirin litiyom yana saurin tsufa a cikin zafi, wani har ya kumbura ya ɗaga madannai. Ma'ajiyar SSD ita ma tana rage gudu idan ta haura digiri 70 zuwa 80. AMD kuwa tana da tsarin STAPM da ke rage wuta saboda zafin jikin akwatin, ko da firosesan bai kai iyakarsa ba.

Kada wani ya ce matsalar ƙananan kamfanoni ce. A Yulin 2018 Apple ta fitar da MacBook Pro mai Core i9, masu gwaji suka nuna yana faɗuwa ƙasa da 2.9 GHz, wato gudunsa na tushe, idan aiki ya yi nauyi. Kamfanin ya amsa cewa akwai kuskure a manhajar da ke kula da zafi, ya fitar da gyara. Gyaran ya taimaka, amma kaurin akwatin yana nan yadda yake. MacBook Air kuwa tun ƙarshen 2020 babu fanka a cikinsa kwata-kwata. Shiru ne abin sha'awa, sai dai dogon aiki dole ya sauko.

Yanzu abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake barin jaki ana dukan taiki. Mutum ya kai ƙorafi, a ce masa ya sake ɗora Windows, ko a ce ƙwayar cuta ce, ko a sayar masa da faifan fanka na ɗorawa a ƙasa. Babu wanda ya auna komai. Alhali aunawar ba ta fi minti goma sha biyar ba. Sauke manhajar HWiNFO64 mai nuna zafi da gudu, buɗe ɓangaren ma'aunai. Haɗa caja, ajiye kwamfutar a kan tebur, kunna Cinebench R23, gwajin da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, ka bar shi ya yi zagayen minti 10. Abu huɗu za ka sa wa ido: ainihin gudun ƙwayoyin firosesa (sassan cikinsa da ke raba aiki), wat nawa yake ci, zafin kowace ƙwaya, da layin da ke nuna dalilin taka birki.

Idan zafi ya buga 95 zuwa 100 cikin daƙiƙoƙi kaɗan alhali wat ɗin bai taka kara ya karya ba, sanyaya ce ta gaza: ƙura, busasshen mai, ko farantin da bai zauna daidai ba. Idan ƙwaya ɗaya ta fi sauran zafi da digiri 15 ko fiye a aiki iri ɗaya, yawanci zaman farantin ne ko man ya gudu daga gefe guda. Idan kuwa zafi yana 70 da wani abu amma gudu ya faɗo, layin PL1 kuma ya nuna shi ne dalili, to kamfani ne ya ɗaure shi. Ko wane irin mai ka shafa ba abin da zai canza, kada ka ɓata lokacinka. Akwai na uku da ke rikita mutane: kwamfuta a sanyaye, amma gudu ya maƙale a 0.4 ko 0.79 GHz. Wannan alamar BD PROCHOT ce, wato wani sashe na daban ne ke yi wa firosesa ihun ya tsaya. Cajar da kwamfuta ba ta gane ba, batirin da ya mutu, ma'aunin zafin da ya lalace, ko sassan daidaita wuta da suka yi zafi. Manhajar ThrottleStop na iya toshe wannan ihun, amma toshe kunne ba magani ba ne, fara gwada caja ta asali mai cikakken wat.

Gyaran da ba ya buƙatar sukundireba a fara da shi. Yawancin siraran kwamfutoci ta ƙasa suke shaƙar iska, ƙafafun robarsu kuma milimita ɗaya ko biyu ne kacal. Katifa, bargo ko matashi toshe mata hanci ne. Ɗaga bayanta da santimita biyu, a kwamfutoci da yawa wannan kaɗai yana yin kusan abin da faifan fanka zai yi.

Sai ƙura. Ba a jikin fanka take yin ɓarna ba, tsakanin fanka da zara-zaran ƙarfe take taruwa ta zama kamar ƙyalle, ba ka ganinta daga waje. Kashe kwamfutar, kwance murfin ƙasa, abu na farko cire igiyar batir daga madabod, wato babban faifan da sassan kwamfuta ke kai. Kwance fankar, zare ƙyallen ƙurar da hantsaki, bi da buroshi mai laushi. Idan za ka hura iska, danne fankar da yatsa, domin barinta tana juyawa da ƙarfi yana cinye mata gindi. Sau ɗaya a shekara ya isa a wuri mai tsabta, inda ƙura ko gashin dabbobi ke da yawa kuwa duk wata shida.

Canza mai shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka a nutsu. Notunan farantin suna da lamba 1 zuwa 4, a sassauta su kaɗan-kaɗan daga babbar lamba zuwa ƙarama. Kada a fizge farantin sama, a ɗan murza shi hagu da dama har ya saki, kuma kada a riƙe shi ta bututu. Bututun da ya lanƙwashe ya gama aiki, ba a miƙe shi. A goge tsohon man da sinadarin isofrofil mai kashi 90 ko fiye da ƙyallen da ba ya barin zare. Tunda silikon ɗin tsirara yake, dole sabon mai ya rufe shi kaf har kusurwoyi, siriri, babu gurbi. Ɗigo ɗaya a tsakiya da ake yi a kwamfutar tebur yana iya barin kusurwa a bushe. A mayar da notunan bi da bi daga 1 zuwa 4, rabin juyi rabin juyi, don matsi ya daidaita.

Ga kuma takaicin: mai mai ruwa-ruwa yana yin kyau wata biyu ko uku, sannan zafi ya dawo. Dalili shi ne silikon da jan ƙarfe ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, duk ɗumama da hucewa sai su tatso man zuwa gefe kaɗan-kaɗan. Shi ya sa kwamfutar cinya ta fi son mai mai kauri, ko ƙyallen PTM7950 na Honeywell, wanda ke narkewa a wajen digiri 45 ya sake daskarewa idan ya huce, ba ya gudu. A yanka shi daidai girman silikon, a ɓare ledar ɓangarorin biyu, a ba shi 'yan kwanaki na aiki kafin a yanke masa hukunci. Ƙyallayen roba masu laushi da ke kan sauran sassa kuwa, idan na milimita 0.5 ne a mayar da 0.5. Ka sa na 1.0, ya ɗaga farantin daga kan firosesa, ka rufe kwamfuta ta fi da zafi. Ruwan ƙarfe na galiyom, shawarata a bar shi. Yana ɗaukar wuta, yana cin alminiyom, ɗigo ɗaya ya zurara a kan madabod an gama.

Ta ɓangaren manhaja akwai magani mai kyau da aka ƙwace mana. Wutar da firosesa ke ci tana hawa ne da ninkin boltej a kansa, don haka rage milibolt 50 zuwa 100 yana rage zafi ba tare da an taɓa gudu ba. Ana sauka ne goma-goma, ana gwadawa, idan kwamfuta ta daskare a koma baya. Sai a Disambar 2019 aka bayyana raunin tsaron Plundervolt, kamfanoni suka bi da sabunta BIOS, wato manhajar tushe ta madabod, suna kulle wannan ƙofa, galibi ba tare da barin maɓallin buɗewa ba. Raunin ya shafi wani sashe ne mai suna SGX da yawancin masu kwamfuta ba su taɓa amfani da shi ba, amma kowa aka hukunta. Abin da ya rage shi ne a rage PL1 da PL2 da hannu inda aka yarda, ko a shiga saitin wuta na Windows a mayar da iyakar firosesa kashi 99 maimakon 100, wanda a kwamfutoci da yawa ke kashe zaburar gaba ɗaya. Zafi zai sauka, fanka ta yi shiru, gudu ya daidaita. Amma duba abin da ya faru: ka biya kuɗin 4.7 GHz, ka kashe shi da hannunka don ka samu sakat.

Wasu akwatunan ma an ƙera su ne kamar don kada a buɗe: notuna a ƙarƙashin ƙafafun roba da aka liƙa da gam, maƙalan roba masu karyewa, madabod a kife ta yadda sai ka kwance komai kafin ka ga fanka, ga sitikar garanti a kan noti na ƙarshe. Duk don cire ƙura, aikin minti biyar.

Mai shirin saye, kada ya yi cinikin biri a sama. Lambar GHz ta kwali a yi watsi da ita. A nemi gwajin da aka maimaita na minti 10 zuwa 30 a kan wannan samfurin takamaimai, a ga wat nawa ya riƙe a ƙarshe. A nemi hoton cikinsa a ƙirga bututu da fanka, a duba ko iska na fita ta baya da gefe ko an cusa ta a mahaɗin allo. Idan firosesa mai harafin H ne, irin 12700H mai cin wuta da yawa, fanka ɗaya, bututu ɗaya, kauri milimita 15, ajiye shi ka duba na gaba.