Raƙumi Mai Launin Toka Da Takardar Gwajin Jini

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan uwa.

Wani mutumin ƙabilar Banu Fazara ya zo wajen Manzon Allah (SAW) ransa a dagule, ya ce matarsa ta haifi yaro baƙi. Bai fito fili ya yi mata ƙazafi ba, amma kowa ya gane inda maganar ta dosa. Sai Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma. Ya ce yana da su. Wane launi ne? Jajaye. Akwai mai launin toka a cikinsu? Ya ce akwai. To daga ina wannan ya samo launinsa? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi. Annabi ya ce masa wannan yaron ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi daga Abu Huraira.

Ba na cikin masu cewa wannan hadisi darasin kimiyyar gado ne, domin ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba shi ma wuce gona da iri ne. Abin da yake a fili ya ishe mu. Mutum ya zo da zato, aka mai da shi garkensa ya dubi yadda Allah ya tsara halitta, zato ya faɗi, mutuncin mace ya tsira. A yau akwai gidaje da yawa da ake buƙatar a mai da maigida garkensa, kuma babu inda aka fi buƙatar hakan kamar gidan da sikila ta shiga.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da bayanin halittarsa a ƙunshe cikin dami 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. A kan dami na 11 akwai umarnin yadda jiki zai haɗa wani sashe na himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai dakon iskar oksijin. Wannan sashe sarƙa ce mai ƙulli 146. Himogulobin na yau da kullum shi ake kira A, na sikila kuwa S. A wajen mai S, harafi ɗaya tak ne ya sauya cikin rubutun umarnin, sai ƙulli na shida ya zama wani daban. Shi ke nan. Ɗaya cikin haruffa kimanin biliyan uku, amma ya isa ya kwantar da saurayi yana birgima a tabarma. Wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana ƙwayoyin jinin sikila masu siffar lauje a 1910, a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada, sai a shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano ainihin ƙullin da ya sauya.

Shi ciwon kansa, lissafin ruwa da bututu ne. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, tana lanƙwashewa ta wuce ta cikin ƙananan jijiyoyin da suka fi ta ƙunci. Ta mai SS kuwa, wato wanda ya gaji S biyu, da zarar ta sauke oksijin, sai himogulobin ɗin cikinta ya manne da juna ya zama kamar tsinkaye, ƙwayar ta ƙage, ta maƙale a hanya, na baya su taru a kanta. Duk naman da ke gaba da wannan cunkoso ya rasa iska, sai ciwon ƙashi ya tashi. Masana gudun ruwa sun auna tun ƙarni na 19 cewa in aka rage faɗin siririn bututu da rabi, ruwan da zai wuce ba da rabi yake raguwa ba, kashi ɗaya cikin 16 ne kawai zai wuce. Sanyi yana tsuke jijiya, ƙishirwa tana sa jini kauri. Wannan ne ya sa ciwon ke tashi da hunturu, ko bayan dukan ruwan sama, ko bayan wanka da ruwan randa da asuba. Babu wani aljanin da ke jiran watan Janairu. Ga kuma gajeren rai: lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ba ya isa, ido ya yi ruwan ɗorawa kamar mai shawara.

To a nan nake son mu tsaya mu ji tsoron Allah. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Babu wata hanya ta uku. Duk maigidan da ya ce matarsa ce ta kawo masa ciwo gida, ko uwar miji da ta laƙaba wa suruka sunan mai wabi, ko dangin da suka nuna tsohuwar unguwa suka ce ita ta kama kurwar yaro, su sani rabin abin daga jinin uban yaron ya fito. Mun yi imani da gaibu, mun yarda akwai sihiri, akwai kambun baka, nassi ya tabbatar. Amma imani da samuwar abu daban, ɗora wa wata baiwar Allah laifinsa ba tare da hujja ba daban. Na biyun zalunci ne, kuma za a tsaya a kansa ranar gobe. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi yana cikin jimamin ɗansa amma bai bar maganar ta wuce ba, ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Husufin 29 ga Maris 2006 da ya mai da rana dare a arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, masana taurari sun faɗi ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, kuma hakan bai hana a yi sallar kisfewa ba.

Yanzu lissafin aure. In AS, wato mai A ɗaya da S ɗaya, ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kuskuren da ya fi halaka mutane shi ne fahimtar "ɗaya cikin huɗu" da cewa na huɗu ne zai zo da ciwon, don haka a haifi uku a tsaya. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ya tuna abin da na baya ya zo da shi. Ɗan fari zai iya zama SS, uku a jere za su iya zama SS. In ma'auratan suka haifi huɗu, damar a ce duk sun kuɓuta kimanin kashi 32 ce kawai. In shida ne, ta sauko kusan 18. Wanda ya ce maka yayansa AS ne, matarsa AS, kuma 'ya'yansu lafiya lau, ba ƙarya ya yi ba, cikin 'yan tsirarun nan suka faɗo. In AS ya auri SS, kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AS da SS. Akwai kuma wani irin himogulobin da ake kira C: AS da AC suna iya haifar SC, wanda shi ma sikila ne ko da ya fi sauƙi a wajen wasu, kuma yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. AA da SS kuwa duk 'ya'yansu AS ne, babu mai ciwon. A riƙe wannan na ƙarshen, domin ana hana masu sikila aure bisa jahilci, alhali ga ƙofa a buɗe. Auren zumunci ba haramun ba ne, sai dai in S tana yawo a dangi, ɗan wa da 'yar ƙani sun fi bare yiwuwar haɗuwa a kanta.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar duk shekara. Akwai hikima a yawan: tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya zama garkuwa in ya zo shi kaɗai, shi ne jarrabawa in ya zo biyu.

Sai mai cewa ai komai ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Gaskiya ne. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka tare shi a Sarg da labarin annoba, ya yi shawara ya yanke a koma. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah? Umar ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya buga masa misali, shi ma da raƙuma: in ka sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ka kora su ai da ƙaddarar Allah ka kora. Zuwa gwaji kafin a kai kuɗin gaisuwa zaɓen gefe mai ciyawa ne.

Amma gwajin ma sai an san shi, don takarda tana ƙarya. Rukunin jini daban, jinsin jini daban: wanda ya ce maka shi "O" ne bai amsa tambayar sikila ba. Akwai gwaji mai arha da ake ɗiga magani a jini a duba ko zai lanƙwashe. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. Wanda ake so shi ne na lantarki. Ana ɗiga jinin a kan wata 'yar takarda mai jiƙe da ruwan sinadari, a sakar mata wuta, sai kowane irin himogulobin ya yi tafiya gwargwadon cajinsa. A ne ke gaba, S a bayansa domin ƙullin nan da ya sauya ya rage masa caji, C can a ƙarshe. Ma'aikaci yana karanta inda kowane layi ya tsaya. In ruwan sinadarin ya tsufa, ko wuta ta yi ta ɗaukewa, ko ba a jera jinin da aka riga aka san jinsinsa a gefe don kwatance ba, layukan sai su haɗe, a rubuta wa AS cewa AA ne. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku zuwa huɗu, in ba haka ba jinin mai bayarwa za a karanta. Jariri ƙasa da wata shida yana da himogulobin na cikin ciki da yawa, don haka a maimaita masa in ya girma kaɗan. Ga kuma musayar kwalba, wanda rashin rubuta suna a gaban mai jini ke jawowa. A yi gwajin a wuri biyu mabambanta, in sun saɓa a nemi inda ke da na'urar tantance ire-iren himogulobin da ake kira HPLC. Kuma a yi shi tun ana gaisawa a zaure, ba ranar da aka kai lefe ba, lokacin da zuciya ta riga ta tafi, kunya kuma ta ɗaure iyaye.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Doka tana iya tilasta takarda, amma ba ta shiga zuciya. Saurayin da ya sayi takardar AA ta bogi, da ma'aikacin da ya buga mata hatimi, da waliyyin da ya sani ya kau da kai, su tuna faɗin Annabi cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wanda zai biya bashin wannan ha'inci bai ma zo duniya ba tukuna.

Ilimin kuma yana da inda ya tsaya, kada a ɗauke shi ya wuce nan. Yana ba ka kaso, ba ya gaya maka wane ciki ne. Ba ya gaya maka tsananin ciwon: 'yan uwa biyu SS ciki ɗaya, wani kullum yana gadon asibiti, wani sai ya shekara bai kwanta ba. Ba ya sanin ajali, ga masu sikila nan sun yi furfura sun ga jikoki. Likitan da ya ce wa uwa ɗanta ba zai kai shekara ashirin ba, ya shiga hurumin da ba nasa ba, kamar yadda mai maganin da ya ce zai mai da SS ya koma AA da sassaƙe ya yi ƙarya. Abin da ke sauya jinin shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, da gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Duka biyun suna da tsada da haɗari.

Iyayen da Allah ya riga ya ba amanar irin wannan yaro, a yi tofi, a yi addu'a, a yi sadaka, a kuma ɗaure raƙumi. Ruwa shi ne kan gaba, babba ya sha kamar lita uku a yini, yaro a riƙa bin sa da kofi ba sai ya nema ba. Rigar sanyi da safa da hunturu, wanka da ruwan ɗumi, kwana cikin gidan sauro, rigakafi cikakke. Folik asid kullum, da fenisilin ga ƙananan yara har shekara biyar in likita ya rubuta. A tambayi likita batun maganin haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon amma yana buƙatar a riƙa auna jini. Kada a sayi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kemis, domin wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfen ya riga ya yi masa yawa. Kada a yi tsaga ko sakiya a gaɓar da ta kumbura, kada a ɗora ƙanƙara, tsumma mai ɗumi ake sawa. Allurar kashe zafin ciwo ta fenta da ake yi a gida ta jefa matasa da yawa cikin jaraba da gyambo. Batun azumi a haɗa likita da malami, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara.

Zafin jiki da ya kai digiri 38.5 a ma'aunin zafi, numfashi da ƙyar ko ciwon ƙirji, tafin hannu ya yi fari fat tare da kumburin ciki ta hagu inda saifa take, baki ya karkace ko hannu ya saki: waɗannan ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. A ɗauki katin asibiti da gorar ruwa a fita.