Ba Duk Kadoji Ne Ke Cikin Wadata Ba

Ganin yawan kadoji a Kogin Nilu kan sa mutane su ɗauka cewa kada ba ya buƙatar kariya. Ai ba jinsi ɗaya ba ne. Kadan Nilu da kadan ruwan gishiri, wanda ke zaune daga gabashin Indiya har arewacin Ostireliya, suna da yawa. Wannan na biyun ma sai da yankin Arewacin Ostireliya ya hana farautarsa a 1971 kafin ya farfaɗo.

Amma kadan Filifin, na Kuba, na Kogin Orinoko da mai siririn baki na dazuzzukan Afirka ta Yamma duk suna gab da ƙarewa, kamar yadda jerin halittun da ke cikin haɗari na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya nuna. Ana cike fadamu don noma, ragar masunta na nutsar da su, ana kwashe ƙwai daga sheƙa. Kadan Kuba kuwa, barbara da kadan Amurka na shafe jininsa.