A saurari masu tsayuwa a bakin dogo

A Birtaniya akwai mutanen da kan wuni a ƙarshen dakalin tasha, ga sanyi ga yayyafi, da kyamara a wuya da ɗan littafi a hannu, suna rubuta lambar duk jirgin ƙasan da ya gifta. Jama'a na yi musu kallon marasa aikin yi. Ni kuwa ina ganin masu tafiyar da jiragen ne ke tafka asara da suke toshe kunne ga maganarsu.

Gardamar da suke yi kan launin fentin jirage ce aka fi yi musu dariya a kanta. To, a dubi layin Landan zuwa Edinburgh. Kamfanin GNER ya karɓe shi a 1996, ya shafe jiragen da shuɗi mai duhu. National Express ya gaje shi a 2007, gwamnati ta karɓa a 2009, Virgin ya shigo da jan launinsa a 2015, sannan kamfanin gwamnati LNER a 2018. Duk tsawon wannan lokaci taragun nan dai su ne na jiya, riga kawai ake sake musu. Wanda ya riƙe lambar tarago ba a ruɗarsa da sabon fenti, shi ya sa yake tambayar abin da fasinja ya kamata ya tambaya: me ya ƙaru ban da launi? Kuma launi ba ado ba ne kawai. Ruwan ɗorawar da aka daɗe ana shafa wa goshin jirage, don ma'aikatan kan dogo su hango su daga nesa aka yi shi.

Sun kuma nuna ba baki kaɗai gare su ba. A 1951 'yan sa-kai suka ceci ƙaramin layin Talyllyn a Wales, suka ci gaba da gudanar da shi da kansu. Da hukumar British Rail ta nemi rufe layin Settle zuwa Carlisle, tana kukan tsadar gyaran gadar Ribblehead, masoya dogo da mutanen yankin suka tashi tsaye har gwamnati ta hana rufewar a 1989. Yau ga fasinja ga kaya na bin layin.

Ba na tare da su a komai. Begen jirgin gawayi kan rufe wa wasunsu ido, su manta da wahalar mai zuba gawayi a bakin wuta. Ma'aikacin da ke sammakon zuwa aiki kujera yake so da isa kan lokaci.

Amma ko a nan ɗin, su ne suka san wace mahaɗa ce ke cushewa, wane jinkirin minti biyar ne ke sa mutum ya rasa jirgin gaba. Tun watan Mayun 2025 gwamnati ta karɓi kamfanin South Western Railway, sauran kamfanoni na biye. Kafin a sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, a zauna da mutanen nan a kan jadawalin zirga-zirga.