Ƙuri'ar da ta faɗa kan Matiyas da wadda muke kaɗawa a coci

Tun ranar Lahadin da sakatare ya yi sanarwa cewa zaɓen dattawan coci ya kusa wayata ba ta huta ba. Mutanen da rabona da jin muryarsu tun Kirsimetin bara, yanzu kowa "ɗan'uwa ya gida, ya madam, ya yara", sai an gama doguwar gaisuwa a sauke murya a ce to ka dai san maganar nan, kar mu bari su sake kwashe kujerun. Su wa? Benci ɗaya fa muke zama da mutanen nan, Jibin Ubangiji tare muke ci. Da na nuna wa ɗaya daga cikinsu cewa abin bai kwanta min ba sai ya ce haba, ai manzanni ma ƙuri'a suka kaɗa, je ka duba Ayyukan Manzanni sura ta 1. To na je na duba, kuma abin da ya sa nake wannan dogon rubutu ke nan, wanda ya gaji ya yi haƙuri.

Hausa ce ta rikita mu a nan. Kalma ɗaya muke da ita, ƙuri'a, ita ce ta ranar zaɓe da ake dangwala yatsa a ƙirga a ga wa ya fi yawa, ita ce kuma wadda mata ke yi in za a fid da wadda za ta fara ɗaukar adashi, a rubuta sunaye a 'yan takardu a nannaɗe a zuba a kwano a kira yaro ya ɗauko ɗaya. Ta manzanni irin ta biyun ce. Ba a yi mata kamfen, ba a kiran waya da daddare, in ka tara mutum ɗari a bayanka ma ba abin da zai ƙara maka. Tsohuwar hanya ce ta Yahudawa, littafin Karin Magana 16:33 ya ce mutum ne ke jefa ƙuri'a amma hukuncinta na Ubangiji ne.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da aka yi kafin a kai ga ƙuri'ar. Mutum wajen 120 ne a wurin a Urushalima, Yahuza ya ci amana ya mutu, gurbinsa ba kowa. Bitrus ya tashi, bai ce kowa ya kawo ɗan garinsu ba, sharaɗi ya fara kafawa: dole ya zama mutumin da ya yi ta tafiya tare da su tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama, domin aikinsa shi ne shaidar tashin Yesu daga matattu, kuma ba ka shaidar abin da ba ka gani ba. Da aka tankaɗe da wannan rariya mutum biyu aka tsayar, Yusufu da ake kira Barsaba, mai laƙabi Yustus, da kuma Matiyas. Sannan suka yi addu'a suka ce wa Ubangiji shi ne ya san zuciyar kowa, ya nuna wanda ya zaɓa cikin biyun nan. Sai a ƙarshe ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas.

Ka ga ke nan duk inda ƙuri'ar ta faɗa ikilisiya ba ta yi asara ba, domin dukansu biyu sun cancanta. Abin da ido ke iya gani, wato halin mutum da daɗewarsa da amincinsa, jama'a suka auna da kansu ba su ɗora wa Allah ba. Abin da ido ba ya gani, zuciya, shi suka bar masa. Mu kuwa mun juya abin, tankaɗen ne ba ma yi, duk wanda ya fi baki ko ya fi ba da gudummawar ginin coci ko ƙabilarsa ta fi yawa shi ne ɗan takara, sai mu zo da safe mu ce Ubangiji ka zaɓa mana.

Kuma a lura, wannan ya faru ne kafin Fentikos. Bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki ba mu sake ganin an jefa ƙuri'a don fid da shugaba a Sabon Alkawari ba. Wanda ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na sura ta 6, kuma in da ni ne fasto ita zan sa a karanta sati uku a jere kafin kowane zaɓe. Rigima ce ta tashi a kan abinci. Ikilisiyar Urushalima tana da Yahudawa iri biyu, masu jin Helenanci, wato yaren Girka, da 'yan gida Ibraniyawa, sai masu Helenancin suka fara gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Wannan fa zargin ƙabilanci ne tsagwaronsa, a ikilisiyar da manzanni sha biyu ke jagoranta da kansu. Manzannin ba su ce ƙarya ne ba, ba su ce masu ƙorafi 'yan tawaye ne a dakatar da su ba, ba su kafa kwamitin bincike da zai shekara bai kawo rahoto ba. Tara jama'a suka yi suka ce ku da kanku ku zaɓo mutum bakwai daga cikinku, waɗanda ake yi musu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, mu ɗora su a kan aikin.

To duba sunayen da jama'a suka kawo: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci ne, Nikolas ma mutumin Antakiya ne, ba haifaffen Bayahude ba ne, shiga addinin Yahudanci ya yi. Wato ga dukkan alamu masu rinjaye sun ɗauki makullin sito sun miƙa wa ɓangaren da ke kukan an cuce shi. Ku faɗa min gaskiya, a wace ikilisiya tamu ce yau ƙabilar da ta fi yawa za ta ce tunda ku kuke ƙorafi a kan kuɗin taimakon gwauraye, ga ma'aji ga sakataren kuɗi duk ku riƙe? Ni dai a shekaruna ban gani ba. Jama'a suka zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗora musu hannu, kowa da rabonsa a cikin aikin, kuma daga cikin masu rabon abincin nan ne aka sami Istifanas wanda ya fara ba da ransa saboda bangaskiya.

A Antakiya kuma, sura ta 13, wata hanya ce daban. Shugabanni biyar suna sujada da azumi, cikinsu har da Saminu da ake kira Baƙi da Lukiyas mutumin Kurane, wadda ke Libiya ta yau, sai Ruhu ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, wato Bulus. Ko da suka ji haka ba su yi gaggawa ba, sai da suka ƙara azumi da addu'a kafin su ɗora hannu su sallame su. Azumin nan ya bi Bulus da Barnaba duk inda suka naɗa dattawa. Mu kuwa ranar zaɓe ce ma ake dafa shinkafa.

Daga baya da ikilisiyoyi suka yawaita Bulus ya rubuta wa Timoti abin da za a duba, kuma in ka karanta 1 Timoti 3 a hankali za ka ga kusan duka abubuwa ne da matar mutum da maƙwabcinsa suka fi fasto sani. Ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai karɓar baƙi, mai iya riƙe gidansa, kada ya zama sabon tuba don kar girman kai ya kama shi, sannan a ce waɗanda ba sa cikin ikilisiya ma suna shaidarsa. Wannan na ƙarshen a wurinmu ma'anarsa a fili take, a je a tambayi Alhajin da shagonsa ke jikin nasa a kasuwa ko yana biyan bashi. Akwai kuma wani ɗan littafin koyarwa na Kiristocin farko da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, shi ma cewa ya yi jama'a su naɗa wa kansu shugabanni masu tawali'u, marasa son kuɗi, masu gaskiya, waɗanda aka gwada. Har ya ce baƙon da ya zo da sunan manzo in ya zauna kwana uku ko ya nemi kuɗi to annabin ƙarya ne. Da wannan doka na aiki yau ban san mutum nawa za su rage a allunan talla na bakin titi ba.

Kar wani ya ce ina mai da mutanen da mala'iku. Wajen shekara ta 96 ikilisiyar Roma ta aika wa ta Koranti doguwar wasiƙa saboda wasu sun tsige dattawan da ba su yi laifin komai ba, wasiƙar tana tuna musu cewa an naɗa mutanen nan ne da yardar dukan ikilisiya. A shekara ta 366 kuwa, da kujerar bishop ɗin Roma ta zama abin kwaɗayi, magoya bayan Damasus da na Ursinus sun gwabza har wani marubucin tarihi na zamanin, wanda ba Kirista ba ne, ya ce an ƙirga gawa 137 a majami'a guda. Muryar jama'a ma takan tsallake doka, a Milan a 374 taro ya dage sai gwamnan lardin, Ambros, ya zama bishop alhali ko baftisma ba a yi masa ba, ya yi ta gudu yana ɓuya, ƙarshe aka yi masa baftisma aka naɗa shi cikin kwana takwas. Ya zama babban malami, amma a takarda ya saɓa wa abin da Bulus ya ce game da sabon shiga. Abin da na lura kawai shi ne waɗanda tarihi ya fi yabo galibi kamo su aka yi suna turjewa, Agustin ma a 391 a Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau, jama'a ne suka riƙe shi a coci aka naɗa shi firist yana kuka. Waɗanda suka nemi kujera da ƙarfi su ne suka bar gawawwaki.

Kiristoci Kibɗawa na Masar har yanzu suna riƙe da tsarin Ayyukan Manzanni sura ta 1. A shekara ta 2012 bayan rasuwar shugabansu Paparoma Shenuda na uku, sun tace 'yan takara, masu zaɓe suka kaɗa ƙuri'a irin tamu har aka rage uku, aka yi azumi, sannan a babbar majami'ar Markus da ke Alƙahira aka rufe wa wani yaro ido ya sa hannu ya ɗauko suna ɗaya, Tawadros na biyu. Ba cewa nake mu kwaikwaye su gobe ba, amma ka ga yadda suka haɗa biyun, hankali ya yi aikinsa har inda ya tsaya, kuma babu wanda zai bugi ƙirji ya ce ni na ɗora shi.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin don kar a ce ina wa'azi daga sama. A zaɓen da ya wuce ina cikin waɗanda suka taru a falon wani ɗan'uwa daren Asabar, aka kawo lemo da gyaɗa, muka rubuta sunaye bakwai a bayan ambulan ɗin baiko, duk namu. Akwai wani bawan Allah da kowa ya san in aka kwantar da ɗan coci a asibiti mashin ɗinsa ne ke fara isa, shi ke kai wa tsofaffi hatsi, amma ba yarenmu ɗaya ba, sai wani ya ce a bar shi tukuna lokacinsa bai yi ba, ni kuma na yi shiru. Da safe fasto ya ce mu sunkuyar da kai mu roƙi Ubangiji ya nuna mana waɗanda ya zaɓa, na rufe ido na ce amin da ƙarfi, ambulan ɗin na aljihun rigata. Bayan an tashi wata mama daga zumuntar mata, wadda ta goye ni ina yaro, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce "ɗana, amsar addu'ar ce ka kwana da ita a aljihu?" Ta saki hannuna ta tafi abinta. Har yau ban san wa ya gaya mata ba.

Mutumin nan bai bar coci ba, bai daina zuwa asibiti ba, ranar Lahadi shi ke riga kowa zuwa ya jera benci. Duk lokacin da na karanta sunan Yusufu Barsaba shi nake tunawa, da bambanci ɗaya, Barsaba zai iya kwanciya da sanin cewa ba wanda ya ƙulla masa komai, ƙuri'a ce ba ta faɗa kansa ba. Shi wannan mu muka cire shi, a falo, muna cin gyaɗa.

Abin da zan kai gaban mitin ɗin ikilisiya wannan karon ba shi da yawa. A karanta sharuɗɗan Timoti a fili kafin a karɓi suna ko ɗaya, a ba da sati biyu duk mai magana a kan wani ya je ya faɗa wa fasto ido da ido, a sa ranar azumi ta gaske, kuma duk wanda aka kama yana yawon neman goyon baya a ajiye sunansa sai wani zagayen. In an rage mutum biyu da suka cancanta aka rasa yadda za a yi, ni ban ga aibun a nannaɗe takarda a kira yaron Sande Sukul ba.

Jiya da daddare mai kiran nan ya sake kira yana tambaya ko ina tare da su. Na ce masa kafin in amsa, mutumin da kuke so a sa a ma'aji, maƙwabtansa na kasuwa me suke cewa a kansa, kuma ya biya kuɗin adashin zumuntar maza da ya ɗauka tun bara? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya ce ba ya jina sosai, sabis ba kyau, zai sake kira.